Bawana Bazazzagi, Wa Ya Sace Maka Akuya?

Gaisuwar ubangida zuwa ga bawansa na Zazzau. Ina fata kana lafiya, kai da yara da kuma "matanka" guda ɗaya tilo, tunda ku a can ko mace ɗaya mutum ya ajiye sai ya ce "matana", baƙo ya yi ta leƙe-leƙe yana neman sauran ukun.

An kawo mini ƙararka har Kano, kuma ba daga bakin mutum ɗaya na ji ba. An ce tun da ka je Ingila wajen ɗanka ka dawo, ka daina fushi da Hausa. Gaisuwa da Hausa, ciniki da Hausa, roƙon a ɗaga maka ƙafa kan bashi ma da Hausa, har da marairaicewa. Amma da zarar ranka ya ɓaci sai harshe ya juye, ka hau zazzaga Turanci ba waƙafi ba aya. An ce har wani ɗan littafin salon maganar Turawa ka sayo a can, kana haddar babin fushi bayan sallar asuba, lokacin da mutanen kirki ke lazimi.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na gareji. Ka je karɓar motarka da ta daɗe a hannun makaniki, ka tarar an kwance mata ƙafa ɗaya an ɗora ta a kan dutse, ogan kuma ya tafi sayen kaya tun safe. Maimakon ka yi abin da kowane ɗan halas zai yi, ka ja tsaki, ka yi ƙwafa, ka ce Allah ya isa kuɗin acaɓarka, sai ka gyara tsayuwa ka dubi yaran shago ka ce musu "you people are getting my goat". Ƙaramin cikinsu, wanda ya ɗan taɓa firamare, ya tsinci kalma ɗaya a ciki, ya juya ya shaida wa 'yan'uwansa cewa Malam ya ce an sace masa akuya. Nan take yara suka hau rantsuwa, wani ya ce a buɗe but a duba, wani ya ce shi tun da aka kawo motar ko kashin akuya bai gani a ciki ba. Ana cikin haka oga ya dawo, ka tare shi da "I am about to blow a gasket". Mutumin ya saurare ka da ladabi, ya ce shi dai a ganinsa gaskit lafiyarsa ƙalau, amma tunda mai mota ya ji alama, gara a canja tun bai ƙone ba. Ka je neman haƙƙinka, ka dawo da sabon bashi.

Bari ubangidanka ya yi maka karatun da littafin bai yi maka ba. Maganar akuyar nan ta Amurkawa ce, ta bayyana a bakinsu a farkon ƙarni na 20, kuma nufinta ka tsokane ni har ka ƙure haƙurina. Labarin da aka fi yaɗawa game da asalinta shi ne wai masu dawakin tsere kan ajiye akuya a barga tare da doki mai zafin kai don ta kwantar masa da hankali, abokin hamayya kuma ya sa a sace akuyar daren tsere, doki ya kwana yana haniniya da tumami, gari ya waye ba shi da kataɓus. Masu bin salsalar kalmomi sun ɗauki wannan a matsayin hira mai daɗi kawai, don ba a sami takardar da ta tabbatar da shi ba. Amma ko da gaskiya ne, dubi matsayin da ka ba kanka a gaban yaran makaniki: kai ne dokin da ba ya samun barci sai an ɗaura masa akuya a gefe.

Shi kuwa gaskit, da ɗan'uwansa fiyus da Bature ke cewa ya ƙone masa in ya fusata, da tururin da yake cewa zai saki don ya huce, duk gidansu ɗaya. Bature ya shekara ɗari biyu yana kwana yana tashi da injina, har ya wayi gari yana kallon kansa a matsayin inji. Zafi na taruwa a cikinsa, matsi na ƙaruwa, in ba a buɗe masa wata kafa ba sai wani abu ya fashe. Kafar ma da gaske aka ƙera ta. Wani Bafaranshe mai suna Denis Papin, yana zaune a Landan, ya fito da wata tukunyar ƙarfe mai murfi a 1679 wadda ke dafa ƙashi da ƙarfin tururi har ya yi laushi, ya kuma yi mata wani ɗan marfi mai nauyi da ke ɗagawa da kansa in tururi ya yi yawa, don kada ta tashi da mai girki. Wannan ɗan marfin ne ya bi injinan ma'adinai da masaƙu har ya hau jirgin ƙasa, wanda ya fara jan fasinja tsakanin Stockton da Darlington a 1825. To da Bature ya ce "let off steam", hoton da ke kansa shi ne kan jirgi ya tsaya a tasha yana feso farin hayaƙi da ƙara, kowa na toshe kunne, amma kowa ya san wannan ihun ne ya hana tukunya fashewa.

A nan kam zan yi maka adalci, don wannan ɗaya kuna da gado a cikinta. Dogo ya ratsa Zariya kafin ya iso Kano a 1911, daga tasharku aka ja ƙaramin layin da ya hau tsaunin Jos ɗauko kuza har aka rufe shi a 1957, daga nan kuma aka ja na Gusau da Ƙauran Namoda. Kakanninka sun sha jin hucin kan jirgi a Sabon Gari. Sai dai ka lura, ko a wancan lokacin jirgin ya ɗan huce ne kawai a garinku ya sha ruwa, Kano ya nufa, inda gyaɗa da kuɗi suke.

Fiyus ɗin ne na rasa yadda za a yi ya ƙone maka. Kafin fiyus ya ƙone sai an kawo wuta, wutar kuma ta yi ƙarfi fiye da kima. Yaushe rabon unguwarku da ganin wannan arziki?

Akwai guda ɗaya da na yarda an gina ta da hankali, ita ce "fly off the handle". Ita ma daga Amurka ta fito a ƙarni na 19, zamanin da suke saran daji suna kafa gonaki. Mutum ya ɗaga gatari da iyakar ƙarfinsa, ruwan gatarin bai zauna daram ba, sai ya fice daga ƙota ya tashi sama, wanda ya yi saran bai san inda zai sauka ba, na kusa da shi ma bai sani ba. Duk wanda ya taɓa faskare ya san wannan tsoron. Hikimar maganar ita ce ba ta zargi kaifin gatari ba, ta zargi sakwarkwacewar ɗauri. Fushin da ya fice daga ƙota ba ya saran itacen da aka nufa, wanda tsautsayi ya ratsa da shi yake sara. Mu ma mun san irinsa, shi ne haushin kaza huce kan dami. An ce ranar gareji da ka koma gida, ɗan autanka ne ya sha ranƙwashi a kan ya bar buta ba ruwa.

Wadda ta fi ba ni haushi a madadin dabbobi ita ce ta raƙumi. An ce da uwargida ta sanar da kai cewa gas ya ƙare, ga kuɗin makaranta, ga ankon bikin ƙanwarta, sai ka dafe kai ka ce "this is the last straw". Cikakkiyar maganar ita ce wai siririn kara ɗaya na ƙarshe shi ya karya bayan raƙumi, wato an yi ta lafta masa kaya yana shanyewa har ɗan abin da bai kai ya kawo ba ya gama da shi. A ƙarni na 17 da na 18 doki ne a cikin karin maganar, abin da ya karya shi kuma gashin tsuntsu. Daga baya ne raƙumi da kara suka ƙwace wurin, a ƙasar da in kana son ganin raƙumi sai ka sayi tikitin gidan zu. Je ka tambayi Buzayen da ke kai ayari daga Agadas zuwa Bilma ɗauko gishiri, za su gaya maka raƙumi ba ya jiran bayansa ya karye. Tun ana ɗaura kayan farko yake gurnani yana kumfar baki, in kuwa ya ji an wuce misali sai ya ƙi tashi, ka yi duk abin da za ka yi. Da Turawa sun yi shawara da mai raƙumi da sun bar wa doki abinsa. Kai kuma da ka ce wa baiwar Allah tura ta kai bango, da ta gane, ta ɗaga maka ƙafa kan ankon. Da ta ji sitiro, sai ta ɗauka na shan lemo kake nema.

Sauran da ka haddace na sutura ne, kuma ko ɗaya bai zo daidai da jikinka ba. "Hot under the collar" na mai kwala ne da laƙataye, wanda wuyansa ke yin ja ya yi gumi in ransa ya ɓaci. Kai da ke yawo cikin 'yar shara da babbar riga, iska na shiga ta dama tana fita ta hagu, ina ka ga kwalar da zafi zai taru a ƙarƙashinta? "Keep your shirt on" kuwa ana faɗa wa wanda ya fara tuɓe riga ne zai yi dambe, a ce masa mayar da rigarka, abin bai kai nan ba. Ni tun muna samari ban taɓa ganin ka tuɓe riga don faɗa ba, sai dai ka tattare ta don gudu. Mutanen Ingila kuma suna da tasu, "keep your hair on", wato riƙe gashin kanka kada ya zube. Wannan ko maƙiyinka ba zai faɗa maka ita ba, don an yi latti da shekara ashirin, hula ce kawai ke rufa maka asiri. Abin da ya rage maka a wannan babi shi ne wanda suke faɗa wa babban mutum in ya yi fushin yarinta, su ce ya watso kayan wasansa daga keken jarirai. Mutanen Ostireliya su ce ya tofar da robar tsotso. Waɗannan biyun kam ko tela bai auna ka haka ba.

Fushi da harshen aro kamar kwat ɗin gwanjo ne, an ɗinka shi don sanyin wata ƙasa da kafaɗar wani mutum. Dubi "see red" da kake yawan faɗa. Bature ya ce shi ne yake ganin ja in ya fusata. Mu kuwa cewa muke idonsa ya kaɗa ya yi ja, wato mutanen da ke gabansa ne ke ganin jan, su kama kansu. Tasu tana ba da labarin abin da mai fushi ke ji a ransa, tamu gargaɗi ce ga jama'a. Da yawa suna danganta tasu da wasan bijimi na Sifen, inda ake kaɗa wa sa jan ƙyalle ya taso a guje. To shanu ba sa bambance ja yadda mutum ke bambancewa, motsin ƙyallen ne ke tunzura su. Shaida kuwa, babban mayafin da ake fara wasan da shi ruwan hoda ne da rawaya, kuma san yana kai masa hari ba sassauci. 'Yan hawan ƙaho na mahautanmu ba su taɓa neman jan ƙyalle ba kafin sa ya yi kansu.

Kafin zamanin injina, a cikin ciki Bature ya ajiye fushinsa. Likitancin Girkawa, wanda Galen ya tsara a ƙarni na 2 kuma likitocin Musulmi irin su Ibn Sina suka ɗora a kai, ya ce ruwa huɗu ke riƙe da jikin mutum: jini, majina, rawayar maɗaciya da baƙar maɗaciya. Wanda rawayar ta yi wa yawa shi ne mai saurin hasala, shi suke kira "choleric". Saifa ma sun ɗora mata laifi, har yau in mutum ya amayar da abin da ke cinsa sai su ce ya zazzage saifarsa. Daga wannan tunanin ne "temper" ta fito, asalinta gauraya abubuwa daidai wa daida, yadda maƙeri ke daidaita ƙarfe tsakanin wuta da ruwa don kada ya yi taushi kuma kada ya yi gautsi. Saboda haka wanda ya yi "lose his temper" daidaitonsa ne ya suɓuce. Sai kuma harshen ya yi musu juyin waina, in suka ce mutum yana da "temper" suna nufin mai zafin rai ne. Ka rasa ta ka yi fushi, ka mallake ta kai mafaɗaci ne. Kada ka yi saurin dariya, mu ma mun yi wa zuciya haka: marar zuciya rago ne, wanda ya yi zuciya kuma ya fusata, wanda ya hau dokinta sai Allah ya kiyaye.

Yanzu ga inda littafinka ya cuce ka, kuma don wannan ne na ɗauki alƙalami. Ka haddace ihun Bature, ba ka koyi shirunsa ba, alhali a cikin shirun fushinsa yake. Duk waɗannan manyan maganganu na fashewa da tashi sama da bugun rufin ɗaki, mutumin Ingila ya fi amfani da su wajen ba da labarin wani, ko labarin kansa bayan ƙura ta lafa, ana shan shayi ana dariya. A lokacin da ransa ke tafasa da gaske, muryarsa ƙasa take yi, kalmominsa su ƙanƙance. In ya ce maka ya ɗan ji ba daɗi, "a bit disappointed", ka fara neman mai ba shi haƙuri. In ya ce "I'm not best pleased", an gama da kai. Suna da tsani mai matakala da yawa, daga "miffed" da "peeved" na ɗan ɓacin ran da ba ya hana cin abinci, zuwa "cross" da uwa ke faɗa wa ɗanta, zuwa "annoyed", zuwa "furious", har can ƙololuwa inda "livid" take, kalmar da asalinta launin jikin da ya yi shuɗi-shuɗi ne saboda duka. Amma ƙa'idar hawa tsanin ita ce mutum ya ambaci matakalar da ke ƙasa da wadda yake tsaye a kai da biyu ko uku. Kai kuwa daga an taka maka takalmi a masallaci sai ka ce kai "livid" ne. In aka ci maka gona me za ka ce?

Ɗanka ma ya ba da labarinka, ba da mugun nufi ba. Ya ce wata rana ka tsaya gardama da wani dattijo maƙwabcinsa kan inda ake ajiye kwandon shara, dattijon ya fara maganarsa da "with all due respect", kai kuma ka washe baki ka ce masa ka gode, ka dawo gida kana yabon tarbiyyar Turawa, wai ga tsoho yana girmama baƙo. Bawana, wannan jimla ita ce daƙuwar Ingila, yatsu biyar cif, sai dai a aljihu ake yin ta. Duk abin da ya biyo bayanta kishiyar girmamawa ne. Haka in ka kawo shawara suka ce "interesting", ba burge su ka yi ba. In wasiƙa ta zo maka da "as I said in my previous email", ma'anarta kai kurma ne ko makaho? Kuma ranar da ka tsallake layi a tashar bas, ka ce ba wanda ya ce maka uffan, mutanen kirki ne. An ce maka. Wata tsohuwa a bayanka ta taɓa harshenta da dasashi ta yi ɗan sautin nan da suke rubutawa "tut", wani kuma ya saki dogon numfashi ya dubi sama. A can, wannan daidai yake da a tara maka jama'a a kasuwar Kurmi. Kunnenka ne bai kama ba, don ka saba da tsakin gida, wanda mace za ta ja tun daga bakin murhu har ƙofar zaure bai tsinke ba.

In abin ya kai maƙura, mutumin Ingila sai ya zauna ya rubuta wasiƙa. Har suna da sunan barkwanci ga irin wannan mai ƙorafin, "Disgusted of Tunbridge Wells", wato wani ɗan takaici daga wani gari na masu rufin asiri a yankin Kent, wanda kullum yake aika wa jarida kukan cewa duniya ta lalace, ba ya kuma sa sunansa. Gwamnatinsu ma ta san halin mutanenta. A 1939, ana shirin yaƙi da Jamus, ta buga fiye da kwafi miliyan 2 na wata takardar bango mai cewa a kwantar da hankali a ci gaba da harka, "Keep Calm and Carry On", don a liƙa in bala'i ya sauka. Kusan ba a liƙa ta ko'ina ba, aka mayar da yawancinta injin sarrafa takarda. Sai a shekarar 2000 masu wani kantin tsofaffin littattafai, Barter Books, a garin Alnwick na arewacin Ingila, suka tsinci kwafi ɗaya a cikin kwalin littattafan gwanjo, suka rataye, daga nan ta bazu duniya a kan kofuna da riguna. An ce ka sayo kofi ɗaya mai wannan rubutu. An kuma ce shi ka yi jifa da shi ranar da aka cinye ƙungiyarka ta ƙwallo a minti na ƙarshe.

Akwai ramuka biyu da nake so ka kiyaye, don duk abin kunyar da bawa ya yi ubangidansa ake nunawa. In Ba'amurke ya ce "mad" yana nufin ya ji haushi, a Ingila kuwa kalmar ta fi karkata ga taɓin hankali, saboda haka ka daina shelar "I am mad" a bainar jama'a, kada wani ya gaskata ka. Na biyun ya fi muni. "Pissed" a Amurka mai fushi ne, a Ingila wanda ya sha ya bugu ne. Ka yi tunanin dattijo mai furfura da tabon sujada ya tsaya gaban surukansa a Manchester yana sanar da su cewa shi fa tun safe a haka yake.

Wata kuma kada ka kuskura ka yi wasa da ita, ko da ka gan ta a littafin. "Going postal" ta samo asali ne daga kashe-kashen da wasu ma'aikatan gidan waya suka yi wa abokan aikinsu a Amurka, mafi muni a garin Edmond na jihar Oklahoma a 1986, inda mutum ɗaya ya harbe 14 sannan ya kashe kansa. Jini ne a ƙarƙashin wannan magana. Wasu biyun kuma aro Turawan suka yi, yadda kai ma kake aro a wurinsu: "amok" daga harshen Malay, "berserk" daga mayaƙan tsoffin mutanen arewacin Turai da ake cewa suna shiga yaƙi hankali a gushe. Da haukan fushi ya wuce abin da harshensu zai ɗauka, sai da suka je maƙwabta.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne me ka rasa a gida. Mutum ya haɗe rai, ya sha kunu, ya murtuƙe, ya turɓune fuska, duk bai ce komai ba tukuna. Ya cika, ya batse, ya kumbura yana huci. Ya ƙule, ya ƙufula, ya hasala, ya harzuƙa. Sannan ya buɗe baki ya tada jijiyar wuya, ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba, ya wanke mutum tas, wankin babban bargo. In mace ce ta tattara kayanta ta yi yaji, kai kuma ka sa hula ka tafi biko, ka durƙusa gaban surukai ana karanta maka laifinka. Nemo mini kalma ɗaya a littafinka da ta ɗauki yaji da biko, in ba ka tukwici. Ko Turancin ne ma ka matsa sai ka yi, ga na gida nan da 'yan Sabon Gari ke yi: "vex" tsohuwar kalma ce da ta tsufa a Ingila har ta koma littattafai, ta zo nan ta sami sabuwar rayuwa. Da ka ce wa makaniki ka yi "vex", da ya ce "no vex, Oga", a wuce wurin ba gaskit ba akuya.

Na san amsar da za ka ba ni, don ita kuke bayarwa kullum: Zariya birnin ilimi, ku ne da jami'ar da aka buɗe a 1962, ku ne da kwalejin Barewa. Barewar ma a Katsina aka haife ta, ta yi zango a Kaduna, sai 1949 ta sauka wurinku. Za ka ce a garinku aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Haka ne, a garinku aka buga, amma da masana suka zauna zaɓen Hausar da za a riƙa rubutawa, ta Kano suka ɗauka suka yi ma'auni da ita. Injin naku, harshen namu. Mutumin da har yau yake cewa "mota na ya lalace" bai gama biyan bashin harshen uwarsa ba, ballantana ya ci sabon bashi a Landan.

Watan Cika-ciki ya kusa, na san ka fara lissafin zuwa karɓar kuɗin shara. Kada ka wahalar da kanka da kuɗin mota bana, na cire shi a ladan wannan karatu, har da ragowar da za ka ciko. Ka ba direban da ke sauke fasinja a Unguwa Uku ya kawo mini, ban yarda da a ce an tura netwok ya riƙe ba. Martaninka kuma ina jira a wannan shafi. In ya fara da "with all due respect", to karatu ya shiga, kuɗin ya ninka.